Tsakanin Zumuɗi Da Horon Kai: Jawabin Baƙo Mai Jawabi A Taron Shekara

 

An nemi in yi magana a kan abin da ke kai mutum ga burinsa. Zan fara da tona asirin kaina. Shekarun baya na halarci taro irin wannan, na saurari jawabi mai ratsa jiki, na fita da niyyar ƙara ilimi. Cikin mako guda na biya kuɗin wata makarantar yamma, na sayi littattafai. Mako uku na yi ina zuwa. Ranar da aka yi ruwa na ce sai gobe, goben kuwa ba ta zo ba sai bayan shekara huɗu. Littattafan gara ta karanta mini su. Da na koma, ban koma da ɗoki ba. Na dai yanke wa kaina sa'a ɗaya bayan sallar asuba, ko ina so ko ba na so, kuma da wannan sa'ar na kammala.

Zumuɗi baƙo ne. Yana zuwa da kiɗa, ya kwana biyu, ya tafi ba sallama. Ba na raina shi, don ba a fara komai sai da shi. Amma kakanninmu sun san abin da ya fi shi, har suka gina masa gari. Wurno ribaɗi ce, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa domin tsaron arewa maso gabashin Sakkwato, kuma a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Asalin kalmar a Larabci daga ɗaurewa ta fito. Ranar yaƙi kowa jarumi ne, ga tambura, ga kirari, jini na tafasa. Mai ribaɗi kuwa shi ne wanda ya ɗaure kansa a bakin iyaka wata da watanni, ba abokin gaba a fili, ba mai yi masa kirari, yana noma, yana karatu, yana gadi. Shi kansa Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, a tsakiyar hidimar gina Sakkwato da tsaron daula. Da jiran natsuwa da nishaɗi ya yi, da ba mu gaji littafin ba.

Mu gangara Rabah. Muna yawan tuna Sardauna Ahmadu Bello a matsayin Firimiya, muna tsallake shekarun da suka gina shi. Ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, Allah ya ba Abubakar na Uku. Aka naɗa shi Sardauna, aka tura shi Gusau. A 1943 aka tuhume shi kan kuɗin jangali, aka yanke masa hukunci, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Ku gaya mini, wane ƙwarin gwiwa ne zai rage wa mutum bayan waɗannan? Amma ya ci gaba da fita aiki. Tsakanin 1938 da 1954, lokacin da ya zama Firimiyan Jihar Arewa, shekara 16 ce, yawancinta aikin ofis ne da rangadi, wanda ba maroƙin da ke waƙe shi.

Na Goronyo ba su buƙatar dogon bayani. An gama madatsar ruwanku a 1984, ruwa ya taru mai yawa, amma ruwan da ke kwance a madatsa bai taɓa shayar da albasa ba sai an yi masa hanya zuwa gona. Manomin fadama kuma, da hunturu na kaɗawa, ba ya tambayar zuciyarsa ko tana sha'awar ban ruwa yau. Ya san in ya tsallake ranarsa, dashen zai nuna.

To, mu 'yan birni fa? Kowace shekara muna taruwa, a kira sunan mutum a lasifika, ya miƙe ya yi alkawarin kuɗi masu nauyi, a yi tafi. Ma'aji kaɗai ya san nawa ke shiga littafi. A bayan kowane alkawarin da bai cika ba akwai yaro a gida da aka ce za a biya masa kuɗin jarrabawa, ya yi ta jira har aka rufe rajista. Ni ma na taɓa yin irin wannan alkawarin, shi ya sa nake da bakin faɗa.

Saboda haka roƙona ga shugabanni shi ne, bana a ajiye lasifikar gidauniya. A zagaya da takarda, kowa ya rubuta abin da zai iya bayarwa duk wata, komai ƙanƙantarsa, da ranar da zai biya. A ƙasan takardar kuma ya rubuta abu ɗaya da yake nema wa kansa, karatu ne ko jari ko hadda, da sa'ar da ya ware masa a kullum. Ma'aji ya adana takardun, baɗi in Allah ya kai mu a buɗe su a gabanmu. Tawa tana aljihuna, na riga na cika ta.