Kyamarar Tsaro da Faɗin Hanyar Hoto



Tun daga watan Yuni na 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka faɗa wa Kwalejin Nuhu Bamalli da dare suka kwashe malamai da ɗalibai, ba wanda zai yi mamaki in ya ji wata makaranta ko ofis a ƙasar Zazzau na shawarar kafa kyamarorin tsaro. To, sayen kyamara shi ne mai sauƙi. Wuyar aikin tana ga hanyar da hoton zai bi ya isa ɗakin mai gadi, ko ta waya ko ta iska, domin kowace hanya tana da iyakar abin da take iya ɗauka, kamar dai bututun famfo.

Kyamara ba motsi take ɗauka ba. Hotuna ne tsayayyu take jerawa da sauri, irin na majigi: silima hoto 24 a sakan guda, talabijin ɗinmu 25. Kowane hoto kuwa, a kyamara matsakaiciya, ɗigo ne wajen miliyan 2. Da za a aika su ɗanye, sai an bukaci fiye da megabit 1,000 kowane sakan. Saboda haka ake matse su. Dabarar da ake kira H.264, wadda ta fito a 2003, takan aika cikakken hoto ɗaya, sa'an nan ta riƙa aika abin da ya sāke kawai. Da haka nauyin ke sauka zuwa kamar megabit 4. Amma fa megabit 4 ɗin nan gigabait 43 ne a yini, watau kyamara goma a wata guda kusan gigabait 13,000.

Nan ne mai kafawa yakan ce a rage yawan hotuna. Yana da gaskiya, sai dai a tambaye shi: a ina? Mu ɗauki misali da Dutsen Abba. Kyamarar da ke ƙofar makarantar firamare masu tafiya ƙasa take kallo, mutum kuwa bai cika wuce mita ɗaya da rabi a sakan ba. Hoto 5 ya ishe ta, har da saura. Amma wadda ke duban babban titin Kaduna fa? Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a sakan. In hoto 5 ake ɗauka, tsakanin wannan hoto da na biye ta yi fiye da mita 5, ta yiwu lambarta ba za ta fito a ko ɗaya ba. Bai kamata a yi musu kuɗin goro ba.

Abin da ya fi damuna shi ne dare. In haske ya yi ƙaranci, hoto yakan cika da ƙananan ɗige-ɗige masu rawa, na'urar matsewa kuma ba ta san banza ba ne, gani take kome ya sāke, sai ta yi ta aikawa. Haka ruwan damina ke yi mata, haka ganyen darbejiya in iska ta taso. Sai hanya ta cushe, hotuna su riƙa zubewa, daidai lokacin da ɓarawo ke tafe. Alhali kuwa gwajin karɓar aiki da rana tsaka aka saba yinsa, manya na tsaye cikin inuwa.

A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470 ta tsarin sadarwar tsaro, har da kyamarori wajen 2,000 a Abuja da Ikko, ba a daɗe ba akasarinsu suka daina aiki. Ku da takardar biyan kuɗi za ta biyo ta teburinku, kada ku sa hannu sai an rubuta hoto nawa kowace kyamara za ta ɗauka a sakan, da megabit nawa aka keɓe mata, da kwana nawa ma'ajiya za ta riƙe. Sa'an nan a kunna su duka gaba ɗaya da ƙarfe 2 na dare, a sa yaro ya wuce a kan babur, da safe a nuna muku fuskarsa.