Gidan Gado a Cikin Birni da Rajistar Ƙasa ta Kwamfuta

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 



Maganar da aka ɗora mana a wannan zama ita ce ta rajistar gidaje da filaye ta hanyar kwamfuta, da irin amfanin da ke cikinta ga mutumin da aka yanke cibiyarsa a cikin ganuwa, amma neman abinci ya kai shi nesa. Kusan kowane ɗayanmu yana da kaso a wani gida a Yakasai ko Koki, Madabo ko Mandawari, Daneji ko Sharifai. Amma da za a ce kowa ya fito da takardar da ke nuna wannan kaso nasa, da 'yan kaɗan ne za su miƙe.

Iyayenmu ba sakaci suka yi ba. A zamaninsu shaidar gida mutane ce. Idan za a sayar da gida, mai unguwa yana nan, maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa suna nan, liman ya yi addu'a, a raba goro, wani lokaci a rubuta 'yar takarda da ajami ko da Larabci a sa a cikin adaka. Idan rigima ta taso, akwai alƙali, akwai kuma majalisar Sarki. Bayanan shari'o'in da majalisar Sarkin Kano Abbas ta yanke a 1913 da 1914 suna nan har yau, kuma akwai ƙararrakin gidaje da gonaki a cikinsu. Wannan tsari ya yi aiki ne saboda maƙwabci yakan mutu a gidan da aka haife shi, ɗansa kuma ya gaji gidan tare da sanin iyakarsa. Yau fa? Dattijon da ya san inda katangar kakanmu ta tsaya ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa sun sayar sun koma Rijiyar Zaki ko Ɗorayi, wanda ya saya kuma ya rushe soron ya yi shaguna. Takardar adaka kuwa, in gara ba ta ci ba, damina ta jiƙa ta.

Ya kamata mu san matsayinmu a doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Sashe na 34 na dokar ya tanadi cewa wanda yake da gini a cikin gari tun kafin dokar ta fara aiki zai ci gaba da riƙe shi tamkar gwamna ne ya ba shi izini. Ke nan gidajenmu na gado halaliyarmu ne ko babu satifiket. Sai dai mallaka daban, iya tabbatar da ita daban. Sashe na 22 kuma ya ce sayarwa ko jinginar da irin wannan haƙƙi na buƙatar amincewar gwamna, abin da yawancin cinikin cikin birni bai taɓa bi ta kansa ba.

To mene ne sabon abu a rajistar kwamfuta? A tsohon tsari, kowane fili yana da fayil na takarda a ma'aikatar ƙasa, kuma fayil yana iya ɓata, yana iya ƙonewa, ana iya zare takarda daga cikinsa a sa wata. A sabon tsari ana ɗaukar hoton gari daga sama, a auna kowane gida, a ba kusurwoyinsa lambobin da ke nuna gurbinsu a doron ƙasa, sannan a ɗaure wannan taswira da sunan mai gida, hotonsa da tarihin hannayen da gidan ya bi. Idan wani ya zo yin rajistar fili a kan wanda aka riga aka shigar, taswirar biyu za su hau kan juna a fuskar kwamfuta, ma'aikaci ya gani da idonsa. Abuja ce ta fara wannan a ƙasarmu da hukumar AGIS a lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista. A Kano an kafa KANGIS a wa'adin mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, kuma a ƙarshen 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ƙaddamar da sabunta takardun shaidar mallaka, inda aka nemi masu tsofaffin takardu su kai a tantance a ba su sababbi.

Amfani na farko ga irinmu shi ne toshe ƙofar sayar da gida ɗaya ga mutum biyu. Mun sha jin labarin ɗan'uwa da ya tara gumin shekaru a Legas, ya aiko da kuɗi aka saya masa kango, ranar da ya zo zuba harsashi sai ga wani da tasa takardar, da nasa shaidun, kuma dillali ya ci la'ada sau biyu ya yi layar zana. Inda akwai rajista mai inganci, mai saye yana neman a bincika masa kafin ya biya ko kwabo: sunan wa ke kan gidan, an jinginar da shi ga banki, akwai ƙara a kansa? Haka nan duk lokacin da aikin hanya ya ratsa birni, irin na Jakara zuwa Kwarin Gogau da ake kira Wuju-Wuju, maganar diyya takan taso, kuma wanda sunansa ke rubuce ya fi saurin samun haƙƙinsa. Batun karɓar rance da satifiket ma ana yawan ambatonsa, amma mu dai ba za mu ba kowa shawarar jinginar da gidan da marayu da gwauraye ke kwana a ciki ba.

Akwai wani amfani da ya shafe mu fiye da kowa, wato maganar hauzi. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'a ke bi, idan bare ya riƙe gida yana amfani da shi kamar nasa har shekara 10, mai gida yana nan yana gani bai yi magana ba, kuma babu uzurin da ya hana shi, to da'awarsa tana iya faɗuwa. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo, kotuna sukan ambaci shekara 40. Gaskiya ne malamai sun yi wa wanda ba ya gari uzuri, amma wanda ke zuwa kowace Sallah ya ga gidan ya yi shiru don kunya, da wuya ya ce ba ya nan. Da yawa cikinmu mun bar ɗakunan iyayenmu a hannun wani bisa amana, babu rubutu, shekaru suna ta tafiya. Kunya ado ce, amma ba ta tsayawa shaida a gaban alƙali.

Yanzu sai mu zo ga inda gizo ke saƙa. Kwamfuta ba ta san gaskiya ba, abin da aka ba ta shi take riƙewa, kuma ta riƙe shi da ƙarfi. Gidan cikin birni ba kamar fulotin sabuwar unguwa ba ne mai kusurwa huɗu da mai shi ɗaya. Gida ne mai zaure ɗaya da sassa biyar ko goma, kakan kaka ya gina, an mutu an bar shi sau uku ba a raba ba, katanga ɗaya ta haɗa shi da maƙwabci, indararonsa na zuba a lungun wani. Magadansa suna iya kai hamsin, wasu a Makka, wasu a Kumasi, wasu matan aure ne a wasu unguwanni da ba a ko tuna su idan ana lissafi. Idan ɗan'uwan da ke zaune a gidan ya je shi kaɗai ya yi rajista da sunansa, ko da da kyakkyawar niyya, to ya zama shi hukuma ta sani. Ranar da ya faɗi ya mutu, 'ya'yansa za su ɗauko satifiket su ce gidan ubansu ne, kuma warware wannan ƙulli sai an sha wahalar kotu. Waɗanda suka fi cutuwa a irin wannan su ne mata: gwoggo da ke da rabin kason namiji, da matar mamaci da ke da tumuninta, waɗanda Allah Ya yanka wa rabonsu amma rajista ba ta ambace su ba.

Saboda haka a ganinmu rabon gado shi ne gaba, rajista tana biye. A zauna da malamin da ya san ilimin gado, ko a je kotun shari'a, a fitar da kason kowa a rubuce. Idan gidan ba ya rabuwa, a daidaita: ko a shigar da sunayen magada gaba ɗaya, ko wasu su fanshi kason wasu a biya su a gaban shaidu. A tuna kuma da haƙƙin shuf'a, wato abokin tarayya a gidan da ba a raba ba ya fi bare cancantar sayen kason da za a sayar. Wanda ke ganin rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, ya duba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu.

Wasu ƙasashe sun nuna cewa aikin yana yiwuwa. Ruwanda ta bi ƙasarta gida-gida, gona-gona, tsakanin 2009 da 2013 ta auna filaye sama da miliyan 10, kuma ana tara maƙwabta a fili kowa ya nuna iyakarsa kafin a rubuta. A nan gida, kwamitin gyaran harkar ƙasa da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya zaɓi Kano da Ondo don gwada irin wannan tsari, kuma Fagge na cikin wuraren da aka gwada shi. Wannan hanya ta bi-gida-gida ita ta dace da lungunan birni, domin hoton sama ba ya gane inda sashen wani ya ƙare a ƙarƙashin rufi ɗaya, sai mai unguwa da dattawa sun nuna.

Matakin ƙarshe shi ne a ƙulla ciniki gaba ɗaya ta intanet, mai saye yana Fatakwal, mai sayarwa yana Ƙofar Wambai, a sa hannu, kuɗi su shiga, suna ya sauya a rajista a lokaci guda. Kada mu yi gaggawa a kansa. Ingila ta yi dokar da ta buɗe wannan hanya a 2002, amma sai a 2018 aka yi rajistar jinginar gida ta farko da aka sa wa hannu ta intanet, alhali rajistarsu ta daɗe da kafuwa.

Ga hukuma muna da roƙo: a sauƙaƙa kuɗin rajistar gidajen gado na cikin ganuwa, a riƙa kafe sunayen masu nema a ƙofar mai unguwa na wani lokaci domin mai ƙorafi ya fito, kuma a shigar da kududdufai, maƙabartu, filayen idi da abin da ya rage na ganuwa a taswira a matsayin kayan al'umma, tun da mun ga yadda ake cike kududdufi a yanka shi, ruwan sama ya rasa mazauni ya shiga ɗakunan mutane.

Ga ƙungiya kuma muna ba da shawarar a kafa ƙaramin kwamiti da zai ƙunshi lauya, ma'aikacin safiyo da malamin gado daga cikin 'ya'yanta, ya riƙa zama a makon Sallah, lokacin da yawancinmu muke gida. Kafin nan, kowa ya binciko takardun da ke adakar gidansu ya ɗauki hotonsu, ya rubuta sunayen magada maza da mata, na gida da na waje, ya kuma zauna da dattawan da suka rage a lungu a zagaya iyakar gidan tare da maƙwabta.

 Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.