Kaka da Dajin da Ta Sani



An ce in yi magana a kan tarihin ƙasar Birnin Gwari. Zan shiga ta ƙofar da na fi sani, wato ɗakin kakata, mahaifiyar uwata. Ba zan kama sunanta ba, don ko a gida ba mu kama shi. Mu jikoki Kaka muke cewa, matan majami'a su ce Mama. 'Yar Gbagyi ce, waɗanda Bahaushe ke kira Gwari, Kirista ce kuma tun tana budurwa har ranar da Ubangiji ya kira ta.

Ba ta san shekarar haihuwarta ba. In an tambaye ta, sai ta ce tana da goyo na biyu lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, 1956 ke nan, ta kuma aurar da 'yarta ta fari shekarar da fam ya koma naira, wato 1973. Da wannan lissafi muka gane ta kusa casa'in.

Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne karatunta. Ba ta taɓa zama a benci na makaranta ba. A ajin baftisma ta koyi haɗa baƙi, da yatsa a kan layi, domin ta karanta Littafi Mai Tsarki da kanta. Littafin ya fito cikakke da Hausa a 1932, bayan shekaru na aikin fassara da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya sa hannu a ciki, shi da ya zauna a birnin Zariya kafin mishan ta koma Wusasa. Kaka da Gbagyi take faɗa da raha, amma da Hausa take addu'a. Idan masana suna ba da tarihin rubutun boko, sukan ambaci Abubakar Imam da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939, kuma sun cancanci ambato. To amma ina aka sa matan ƙauye irin Kaka, waɗanda kowace asuba sukan kunna aci-balbal su karanta Zabura da Hausa, alhali ba ita suka sha a nono ba? A ganina su ma suna cikin waɗanda suka raya wannan harshe, an dai manta da su ne.

Sai Zumuntar Mata, ƙungiyar matan majami'a. Masu kallo daga waje zanen anko suke gani, su ji tulu da caki da waƙa. Aikin ya wuce nan. Su ke zaman jego, su ke jinya, su ke kwana gidan makoki. Kaka ta karɓi haihuwa a gidajen Kirista da na Musulmi, ba ta taɓa tambayar wace alƙibla mai naƙuda ke fuskanta ba. Ran Sallah tuwo da nama su shigo mana, ran Kirsimeti shinkafarta ta zaga unguwa.

Daji kuwa rumbunta ne. Can take tsinto kaɗanya ta yi man kaɗe, ta roro ɗorawa ta dafa daddawa, ta ɗauko itace a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke yi. Ta san gandun Kamuku tun yana hannun En'e, an keɓe shi a 1936, tun kafin ya zama gandun tarayya a 1999. Abin tsoro a lokacin giwa ce da ke ɓarna a gona. Matan Fulani kan fito daga ruga da ƙwaryar nono, su koma da dawa.

Kun san abin da ya biyo baya, wasunku a jikinsu suka sani. Satar shanu, sai tare hanya, sai ɗaukar mutane. A watan Mayun 2018 aka kashe fiye da mutum 40 a ƙauyen Gwaska. Hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar sojoji. Aka ɗauko Kaka daga ƙauye tana turjiya, aka kawo ta ɗakin haya a Kaduna, da littafinta a ƙulle cikin zane. A can ma ba ta fasa addu'ar asuba ba, tana jero sunayen maƙwabtanta ɗaya-ɗaya, har da liman. Burinta guda ne, a kwantar da ita kusa da mijinta. Ba mu iya ba. A Kaduna muka binne ta, kafin sulhu da 'yan bindiga da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a ƙarshen 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari.

Sa'o'inta kaɗan suka rage, Kirista da Musulmi, da yawa kuma suna zaman gudun hijira. Su suka san sunan kowane rafi da kowane kufai. 'Ya'yana ɗalibai, kowannenku yana da waya a aljihu. Ku je hutun nan ku zauna gaban tsohuwar gidanku, ku tambaye ta, ku naɗi muryarta, ku kai Gidan Arewa a Kaduna a adana.