Auren Jinsi: Wa Ke Da Ikon Yanke Hukunci?



Mas'alar da aka nemi in yi bayani a kanta, wato auren jinsi ɗaya, ta daɗe tana jawo muhawara a duniya. Ƙasar Danmak ce ta fara, a 1989, yi wa zaman namiji da namiji ko mace da mace rajista ba tare da ta kira shi aure ba. Holan ta mai da shi cikakken aure a 2001, Afirka ta Kudu ta bi sahu a 2006, sannan Kotun Ƙolin Amurka ta halatta shi a dukkan jihohinta a 2015, hujjar masu goyon baya kuwa ita ce daidaito a gaban doka cikin sha'anin gado da dukiya da jinya. Nijeriya ta ɗauki wata hanya dabam, domin a Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya shaida shi ko ya taimaka, kuma galibin malaman Musulunci da na Kirista suka yi na'am da ita.

To, tunda doka ta faɗi matsayinta, abin da ya rage, wanda kuma ya fi damuna, shi ne yadda ake ɗaukar zargi a mai da shi hukunci. A watan da aka sa hannu a dokar, taron jama'a ya yi ta jifan wata kotun shari'a a Bauci yana neman a gaggauta yanke wa waɗanda ake tuhuma da luwaɗi hukunci tun alƙali bai gama sauraron shaidu ba. A Afrilun 2017 aka kama mutum 53 a Zariya bisa zargin halartar irin wannan biki, suka musanta a gaban majistare, aka ba da belinsu; amma sunan da ya ɓaci a unguwa, beli ba ya wanke shi.

Malamanmu na fiƙihu, Allah ya jiƙansu, sun fi mu tsoron harshe. Suratul Hujurat ta haramta tajassusi, wato bin diddigin aibin mutane. Suratun Nur ta ɗora bulala 80 a kan mai ƙazafin da ya kasa kawo shaidu huɗu. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibanmu ke karantawa a zaure, ta shigar da jifan mutum da luwaɗi cikin abin da ke wajabta wannan haddi. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 36, ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Saboda haka wanda ya leƙa wayar maƙwabcinsa, ko ya karɓi kuɗi don rufe asiri, ko ya tara zauna-gari-banza su doki wani saboda tafiyarsa ko muryarsa, ya saɓa wa shari'a da doka gaba ɗaya.

Mu mutanen Kaduna, da muka binne 'yan'uwanmu a rikice-rikicen 2000 da 2002 har kogin Kaduna ya zama iyaka tsakanin maƙwabta, mun san abin da fushin taro ke haifarwa. Magana zarar bunu ce. Ina roƙon limamai da fastoci su koyar da haramcin ƙazafi daga mumbari, iyaye kada su kori 'ya'yansu kan jita-jita, matasa kuma su bar hukunci a hannun alƙali, domin jinin kowane ɗan Adam da mutuncinsa amana ce a wuyanmu. Allah ya ba mu zaman lafiya. Wassalam.