Manhajar da ba ta san ana ɗauke wuta ba, ba tamu ba ce

 

An ce in yi magana a kan aikina, wato rubuta manhajojin kwamfuta. Na san da yawanku in aka ce manhaja, salula ce ke zo muku a rai. Ni yau maganar kwamfutar ofis zan yi, irin wadda ke ma'aikatar magajin gari, da gidan likita, da kantin magani, da gidan rediyo. Kuma da kuskurena zan fara, don shi ya koya mini abin da ban samu a aji ba.

Ni ɗan Tanut ne, karatu ne ya kawo ni Damagaram. Da na fara iya rubuta ƴan layuka da harshen Python, sai kaina ya kumbura. Wani hutu na je ganin dangin mahaifiyata a wani ƙauye can wajen Belbeji, na tarar da ƙungiyar mata suna da bankin cimaka. Kun san yadda abin yake: a sayi hatsi da kaka yana araha, a ajiye, in damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙone sai a ba mutane bashi da tiya, su biya bayan girbi. Duk lissafin yana cikin wani littafi da ya sha hannu. Suna da wata tsohuwar kwamfuta ta tafi-da-gidanka da aka ba su kyauta, batirinta ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da batirin sola take tashi. Na ce zan yi musu manhaja. Na yi, ta yi kyau, har da launi. Sannan na faɗi maganar da har yau nake nadamarta: na ce wa sakatariyarsu ta huta da littafin nan, an wuce zamaninsa.

Manhajata tana riƙe duk abin da aka shigar a ƙwaƙwalwar wucin gadi, sai an zo rufewa ta juye shi gaba ɗaya a kan tsohon fayil. Wata ranar kaka da yamma, mata sun yini suna kawo biya, batirin sola ya yi sanyi. Sakatariya ta danna rufewa, manhaja ta fara rubutu, wuta ta ɗauke a tsakiya. Tsoho ya goge, sabo bai kammala ba. Da safe fayil ya ƙi buɗewa. Kwafin da ke hannuna na mako uku da suka wuce ne.

Da na isa ƙauyen, wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce: "Ɗana, tiya ashirin na kawo, a gabanta aka auna. Yanzu inji ya manta, ni ce zan zama maƙaryaciya?" Na ce: "Inna, ba ke ba ce, kuma ba inji ba ne, ni ne." Kwana biyu muka yi ana kiran shaidu kafin lissafi ya daidaita. Ya daidaita ɗin, amma akwai mata biyu da suka yi watanni ba sa gaisawa.

Da na dawo na zauna bincike, abin da na gano ya ba ni kunya: kwamfuta ba kurma ba ce, kuma ba bebiya ba ce. Kullum tana ba da labarin halin da take ciki. Ni ne ban koya wa manhajata saurare ba.

Ga yadda abin yake. Duk lokacin da wani abu ya faru a jikin na'ura, ka danna harafi, ka soka kile, ka zare wayar caji, ɓangaren da abin ya shafa yana ƙwanƙwasa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙofa. Wata ƴar manhaja da ake kira direba, wadda ta san yaren wannan ɓangare, ita ke fassara saƙon ta miƙa wa uwar manhajoji, wato Windows ko Linux. Ita kuma sai ta yi shela ga duk manhajar da ta ce tana son jin irin wannan labari. Hanya biyu ce gare ka. Ko dai ka riƙa zuwa tasha kowane minti biyar kana tambaya ko motar Agadas ta iso, ko ka bar wa ɗan kamasho lambarka ya kira ka in ta shigo. Ta farko tana cin ƙarfi da batir, kuma mota tana iya zuwa ta wuce tsakanin zuwanka biyu. Ta biyu ita ce aikin masu hankali.

Labari huɗu ne nake ganin duk manhajar da za ta zauna a Damargu dole ta saurara.

Na farko, wuta. A Windows akwai saƙo mai suna WM_POWERBROADCAST da ke zuwa in an koma kan batir, ko batir ya yi ƙasa, ko kwamfuta za ta yi barci. A Linux, UPower ke wannan aiki. Da Python ma, ɗakin kayan aiki mai suna psutil zai faɗa maka kashi nawa ya rage a batir, kuma ko waya tana jone. Manhaja in ta ji, sai ta ajiye aiki nan take, ta gargaɗi mai amfani da ita. Amma ku lura: kwamfutar tebur, ko wadda batirinta ya mutu kamar ta matan nan, ba ta samun zarafin yin sallama. Faɗuwa kawai take yi, sai dai in akwai na'urar riƙe wuta da aka haɗa da ita ta wayar USB. Saboda haka saurare kaɗai bai isa ba, sai ka yi rubutu kamar wanda ya san za a iya katse shi kowane lokaci. Kada ka taɓa rubuta sabo a kan tsoho. Rubuta sabo a gefe, ka tabbatar ya sauka a faifai, sannan ka canza masa suna ya maye gurbin tsohon. Ko kuma ka yi amfani da SQLite, rumbun bayanai na kyauta da wani Ba'amurke, Richard Hipp, ya fitar a shekarar 2000. Ƙa'idarsa ita ce ko dai abu ya shiga gaba ɗaya, ko bai shiga ba sam, babu rabi. Yana cikin salular kowannenku yanzu haka. Da na san shi a lokacin, da biyan mace ɗaya kawai za mu sake shigarwa.

Na biyu, kile, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira filas. Inda intanet ba ta da ƙarfi, kile shi ne jakin da ke ɗaukar bayanai daga ƙauye zuwa birni. Windows tana aika saƙon WM_DEVICECHANGE in an soka shi ko an zare, Linux kuma tana da udev. Abin da na yi daga baya shi ne na sa manhajar ta gane kile ɗaya tak na ƙungiya. Da zarar an soka shi, ta kwafe lissafi da kanta, ta karanta kwafin ta tabbatar daidai yake, sannan ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa yanzu ana iya zarewa. Me ya sa sai ta ce? Domin kwamfuta takan nuna ta gama alhali sauran bayanai suna kan hanya. Kilen baƙo kuwa ba ta taɓa shi, ta dai yi gargaɗi. Duk wanda ya taɓa kai takardunsa shagon buga takardu ya dawo ya tarar da fayilolinsa sun ɓace sun bar inuwarsu, ya san ta inda cutar kwamfuta ke shigo mana.

Na uku, agogo. Wannan shi ne munafukin da ba ya ƙara. A cikin kwamfuta akwai ɗan batir kamar kwabo, galibi CR2032, mai ƙarfin volt 3. Shi ke riƙe kwanan wata in an kashe ta. In ya mutu, sai kwamfuta ta farka a wata shekara da ta daɗe da wucewa. Mai intanet ba zai ma lura ba, don agogonsa yana gyara kansa. A ƙauye kuwa sai ka ga an rubuta biyan bashi shekaru kafin a ci bashin. Ku yi tunanin irin wannan a rajistar haihuwa, ko a lissafin ranar lalacewar magani. Maganinsa layi uku ne: duk lokacin da manhaja ta tashi, ta duba ko kwanan watan yau ya gabaci na rubutun ƙarshe. In haka ne, ta ƙi aiki har a gyara.

Na huɗu, zafi da ƙura. A watan Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40 a inuwa, hunturu kuma yana cusa ƙura a fankar kwamfuta. In ƙwaƙwalwarta ta yi zafi sai ta rage gudu, in abin ya kusanci digiri 100 ta kashe kanta don kada ta ƙone. Mutane su ce ta tsufa, alhali hura mata iska kawai take so. Akwai ma'aunin zafi a jikinta, kuma a Linux karanta shi ba wuya. Manhaja tana iya cewa: ajiye aikinka, ka ɗaga ni daga kan tabarma.

Bayan saurare kuma akwai magana da na'urori. Sikelin zamani da yawa suna da kafar da ke aika nauyi kai tsaye zuwa kwamfuta, da pyserial kana iya karɓa, ba sai mutum ya rubuta da hannu ya ƙara sifiri ba. Allurar riga-kafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ɗan allon Arduino da ma'aunin zafi a firjin gidan likita ya isa ya sa kwamfuta ta yi kuka in sanyi ya kauce. Har allon rubutu ma na'ura ce. Namu na AZERTY an yi shi ne don Faransanci, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Shi ya sa za ka ga Ɗanladi ɗaya ya zama mutum uku a rajista, kowane sakatare da yadda ya rubuta shi. Da manhaja kamar Keyman ana koya wa allon baƙaƙenmu, kuma wannan ma saurare ne: a tare harafi a hanya, a musanya shi.

A nan sai na ja kunne. Dabarar da ke ba ka damar tare harafi ita ce dai ɓarawo ke amfani da ita ya sace kalmar sirrin mutane. Wanda ya iya wannan aiki an ba shi makullin gida ne. Manhajarka ta saurari abin da aikinta ke buƙata kawai, kuma mai kwamfuta ya san me take saurare.

Wani zai ce, ai manyan kamfanoni sun gama duk wannan. Sun gama don ƙasashensu. Wanda ke rubuta manhaja a inda wuta ke shekara ba ta ƙifta ba, ɗaukewar wuta a wurinsa hatsari ne na nadiri. Mu a nan abincin yau da gobe ne. Kun tuna watan Agustan 2023, da aka katse layin da ke kawo mana wuta daga Najeriya, inda kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan ke fitowa a lokacin. Har manyan birane sai da suka ɗanɗana abin da ƙauye ya saba da shi. Ga kuma wata: tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, kuma da yawan kwamfutocin da ke ofisoshinmu ba za su ɗauki Windows 11 ba. Ko dai a zubar da su, ko a samu matasan da suka san Linux su raya su. Kuma kada ku ɗauka aikin ƙauye ne kawai. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a cikin gundumar Tanut take, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Masana'anta irin wannan ma'aunai ne ke faɗa wa kwamfuta zafi da matsi, ita kuma ta amsa. Ilimin ɗaya ne da na firjin likita, girma ne ya bambanta.

To me nake roƙo? Ku masu koyon aikin nan, a jami'ar André Salifou kuke ko a ɗakinku da salula, kada ku tsaya ga yi wa manhaja kwalliya. Samo tsohuwar kwamfuta, rubuta ƴar manhajar da aikinta kawai ta faɗa maka an soka kile, an zare waya. Mako ɗaya ya isa. Daga nan idonka zai buɗe.

Ku kuma da ba ku rubuta manhaja, kuna da haƙƙi a cikin maganar nan, don sunayenku da bashinku da takardunku ne ke ciki. In aka kawo wa ƙungiyarku ko ma'aikatarku manhaja, kafin a sa hannu a biya, ku yi mata jarrabawa uku a gaban mai ita, da bayanan gwaji. Ana cikin ajiyewa, a zare wayar wuta, a kunna a gani. Ana cikin kwafa, a zare kile. A mayar da kwanan wata baya da shekara goma, a ga ko za ta yi ƙorafi. In mai manhaja ya ce kada a yi, za ta lalace, to ya ba ku amsa ke nan. Ku tambaye shi kuma: in ka yi tafiya, wa zai iya buɗe bayananmu?

Matan nan sun sake karɓar manhajata bayan na gyara, amma da sharaɗi: littafi ya dawo, kuma duk yamma ana gwada shi da kwamfuta. Ranar da na kai musu sabuwar, tsohuwar nan da kanta na ba wa wayar wuta na ce ta fizge. Ta fizge, muka kunna, sunanta yana nan da tiyarta.

 In akwai tambaya, bismillah.