Jawabi ga masu koyon aikin injin tur

Samarin Dakoro.

Injin tur yana juya ƙarfe, wuƙa tana fere shi. Da shi ake gyaran sandar amalanke da ta injin niƙa.

Bakin da ke riƙe ƙarfen shi ne mandaran, mai haƙora 3. Ku ɗaure shi tam da makulli. Ku cire makullin kafin ku tada inji. In kun manta, zai yi tsalle ya fasa ma wani kai.

In tsawon ƙarfe ya wuce kaurinsa sau 3, ku tokare ƙarshensa da tsinin baya.

Ku tuɓe babbar riga da rawani, don inji ba ya jin wayyo. Babban asibitin Maraɗi kuwa ya fi kilomita 100.

Allah ya kiyaye, amin.