Punctuality: Lokaci Ɗigo Ne

Na gode da kuka zo, musamman waɗanda suka iso kafin a gama shimfiɗa tabarmi, don zancen yau naku ne.

Wani ƙanena da ke koyon Turancin Ingilishi ya tambaye ni wata kalma da ta riƙa yi masa gardama a baki: punctuality. Mu 'yan Nijar da muka yi lakol mun fi saninta da Faransanci, ponctualité. Uwa ɗaya ta haife su. Ma'anarta a taƙaice ita ce kiyaye lokaci, wato zuwa wuri ko gama aiki daidai sa'ar da aka yi alkawari.

Mu fara da furuci. Gaɓa biyar gare ta: pank-cu-wa-li-ti, kuma a kan "wa" ake ɗaga murya. Harafin t na tsakiya yana fita kamar c ɗinmu na "cuku". Wanda ke kiyaye lokacin kuma punctual ne, a nan nauyin yana kan gaɓar farko: PANK-cu-wal. Hausa ba ta da harafin p, shi ya sa Bakano zai ce "fankcuwal", Ba'are kuma, mai cewa "hwara" da "hwaɗi", zai iya cewa "hwankcuwal". Ba abin kunya ba ne. Ku haɗe leɓɓa, ku sake su da ɗan iska, shi ke nan.

To daga ina ta fito? Daga Latin, harshen Rumawan dā. Suna da pungere, wato soka ko huda, daga nan aka samu punctum, ɗigon da tsinin allura ke bari. Lokacin da kalmar punctual ta shiga Ingilishi wajen shekara ta 1400, abu mai tsini take nufi. Daga baya ta koma nufin mutum mai bin ƙa'ida ɗigo-ɗigo, sai a ƙarni na 17 ta ɗauki ma'anar zuwa a kan lokaci. Da point, da ponctuation da mushe ya koya mana, da pointage da ma'aikata ke yi da safe, duk dangi ne. Ke nan ƙarfe 9 ɗigo ne guda, ka taka shi ko ka wuce shi.

Za ku ji ana cewa wannan al'adar Turawa ce, mu kuma muna da namu "lokacin Afirka". Su ma Turawan koyo suka yi. A Ingila kowane gari da agogonsa yake bi, har jirgin ƙasa ya tilasta musu daidaitawa daga 1840, doka ta tabbatar a 1880. A 1884 aka yi taro a Washington aka zaɓi Greenwich ta zama ma'auni, kuma daga nan ne Nijar da Najeriya suke gaba da awa ɗaya.

Mu kuwa, ku tambayi manomin Matankari, ko Guéchémé, ko Koré Mairoua. In ruwan shuka ya sauka da dare, gari na wayewa yana gona da irin hatsinsa, don ya san laimar ƙasa ba ta jira. Wa ya taɓa jinkirta buɗa-baki da minti talatin? Wa ke zuwa tasha ƙarfe 7 in an ce motar Yamai za ta tashi ƙarfe 6? Ranar jarrabawar BEPC kowa yana bakin ƙofa da sassafe. Ashe mun iya. Muna dai zaɓen wanda za mu sa ya jira mu ne.

Ni kaina na yi laifin. Mun taɓa kiran taro kan rijiyar da ta lalace, muka ce ƙarfe 9 na safe. Wata dattijuwa ta biya kabu-kabu daga ƙauyensu, ta iso tun 8 da rabi. Ni da na kira taron na tsaya shan shayi a fada, sai 11 ta wuce muka buɗe da addu'a. Tana shafawa ta miƙe. Na ce, "Inna, yanzu fa za mu fara." Ta ce, "Ɗana, awakina ba su sha ruwa ba, jikokina ba su ci ba." Ita ce ta fi kowa sanin matsalar rijiyar nan, kuma muka yanke shawara ba tare da ita ba. Wallahi har yau abin yana damuna.

Mu ne masu kukan cewa manya suna shanya talakawa a rana kafin su iso wurin taro. In mu ma haka muke tun ba mu riƙe komai ba, me zai canza ranar da kujerar ta zo hannunmu?

Don haka ga roƙona, daga Dogon Dutsi har Tibiri. In mun rubuta ƙarfe 9, a fara ƙarfe 9, ko mutum biyar ne a wurin. A faɗi lokacin tashi tun a takardar gayyata, don mai sana'a ya san lissafinsa. Wanda uzuri ya riƙe, ya buga waya kafin lokacin ya cika. Alkawari kaya ne, in ji Hausawa.

Na ce minti goma zan yi, ga shi sun cika. Allah ya ba mu ikon cikawa.